Ƙaramin Kwanon Rahama

Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya.

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kun sauka lafiya ke da ƙanwarki, Ya tsare ku daga sharrin hanya da gaggawar direba, Ya sa ku tarar da mutanen kirki a inda kuka nufa. Babanku na gaishe ku, ya ce in an isa a kira shi kafin a kwance kaya.

Yau Asabar nake rubutun nan bayan azahar, kuna can ɗaki kuna ɗaure kaya, ina jin ki kina yi wa Rahama faɗan bokiti. Zan tura takardar ƙarƙashin atamfofinki. Kin san ke 'yar fari ce, ko sunanki na yanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da ke in dubi idonki in ce na yi kuskure. Bakina ba zai iya ba. Hannu kuwa, duk da ciwon da yake yi mini kwanan nan, ya fi baki ƙarfin hali.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Maganar Rahama ce. An ba ki aikin koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata, kin roƙi shugabar makarantar ta karɓi ƙanwarki a aji huɗu, ta karɓa, Allah Ya saka mata. To amma ki sani, yarinyar nan zango guda cur ta yi a gida ba ta leƙa aji ba, kuma da kunnena na ji ta ce wa babanku, "In can ma haka ne, na gama da boko." Rahama ba ta faɗin abin da ba ta nufi ba. In ta shekara a can ba ta sami mutum ɗaya da za ta zauna kusa da ita ba, za ta dawo ɗakin nan ta rufe ƙofa, kuma ni ba ni da sauran ƙarfin buɗe ta. Na gaji, Uwani. Shekara talatin ina riƙe da alli a firamare ina gyara 'ya'yan mutane, tawa ta cikin gida kuwa na yi ta ɓatawa ina cewa gyara nake.

Ki karanta ki ga inda na taka, kada ki sa ƙafa a wurin. Kuma ba don ita kaɗai ba. Kowane aji da kika shiga za ki tarar da irinta ɗaya ko biyu a kujerar baya, kusa da taga.

Na fara da bakina. Kin san Rahama, in an yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai, ta juya maganar a ranta, ta auna, sannan ta amsa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da gaggawa kamar mai toya ƙosai. Baƙuwa za ta ce, "Rahama, aji nawa kike?" Kafin yarinya ta buɗe baki na cafe, "Aji biyu take, ai ba ta magana." A asibiti ni ke faɗin inda ke mata ciwo. A wurin tela ni ke zaɓar mata ɗinki. Ina ganin kunya nake cire ta, ashe koya mata nake cewa maganarta ba ta kai a jira ba. Da ta shiga sakandare ba ni a gefenta, sai 'yan ajinsu su tambaye ta abu, su ga shiru, su ce girman kai ne, su wuce. Don haka in kin tambaye ta, ko wata irinta, ki jira. Za ki ji shirun ya yi miki nauyi, za ki ji harshenki na ƙaiƙayi, ki daure. Amsar tana zuwa, kuma sau da yawa ta fi ta masu ɗaga hannu.

Sai sunan da na laƙa mata. Ni ce na fara ce mata Malama Shiru, da wasa, a gaban matan da suka zo barkar haihuwa sashen Baba Ƙarami. Aka yi dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Yaran gidan suka ɗauka, 'ya'yan maƙwabta suka kai makaranta. Ranar da na je karɓar sakamakonta na ji wata yarinya da ban taɓa gani ba tana cewa, "Ga maman Shiru can." Ki kiyayi bakinki a gaban aji, domin abin da malama ta faɗa da wasa yara da gaske suke riƙe shi. Kuma don Allah kada ki tsayar da ita gaban allo ki ce, "Ga ƙanwata, ba ta da ƙawa, ku taimaka ku riƙa jan ta." In kin yi haka kin kashe ta a ranar farko. Ba wadda ke son a zauna da ita don tausayi, kuma Rahama tana gane tausayi tun daga nesa.

Yanzu maganar kwano. Ke kin tashi a gidan nan kina cin tuwo da 'yan matan sashen Baba Ƙarami, ku biyar a kwano ɗaya. Kun yi faɗa a kan nama, kun yi gaba, kun shirya kafin a wanke hannu. Rahama tana da shekara tara na lura ba ta ƙoshi. Tana ci a hankali, hayaniyarsu na damun ta, kafin ta yi loma uku sun share kwano. Sai tausayi ya kama ni, na sayo mata wani ƙaramin kwanon silba mai murfi, na ce ta riƙa ci a ɗakina. Kakarku, Allah Ya jiƙan ta, ta ce mini, "Ke dai ki ƙara musu tuwon, ki bar yarinya a cikin 'yan'uwanta." Na ce a raina tsohuwa ba ta san tarbiyyar zamani ba, ni ce mai takardar koyarwa. To ga shi nan. Ta ƙoshi kam, har ta yi kumatu. Amma a bakin kwanon nan ne yara ke koyon yadda ake cewa matsa mini, da yadda ake yin fushi a huce, ni kuma na ɗauke ta daga wurin shekara shida. A makarantarku akwai ɗakin cin abinci. Za ki ji kina so ki kira ta gidan malamai ki zuba mata naki, musamman ranar da kika ga ta rame. Kada ki yi, sai dai ran hutu. Ki nemi tebur na gefe inda hayaniya ba ta da yawa, mai 'yan mata masu sanyin hali, ki sa a ajiye ta a nan, ki juya ki tafi ko da ranki na ƙuna.

Da na ga ta shiga aji biyu ba wadda ke biyo mata, sai na ce bari in saya mata ƙawaye, Allah na tuba. Kowace Lahadi in tsaya bakin murhu in soya cincin, in ƙulla a leda, in cika mata jaka in ce ta raba. Suka zo kuwa, kamar ƙuda. Mako uku ana kiran sunanta. Ranar da ciwon baya ya hana ni suya, ta dawo ta ajiye jaka ta ce, "Mama, yau ba wadda ta gaishe ni." Haka kuma na riƙa jan ta gidajen biki, in tura ta tsakiyar 'yan mata ana kiɗa kamar za a tsaga kunne, in ce ta saki jiki. A wani kamu a Ƙofar Galadima na neme ta na rasa, sai a bayan randunan ruwa na same ta ta toshe kunnuwa. Na yi mata faɗa a hanya tun daga can har gida. Taro ba ya yi wa irin su Rahama magani, Uwani. Mutum ɗaya suke buƙata, ba ashirin ba.

Kuma ta samu ɗayar. Wannan ne abin da ya sa na ɗauki biro, sauran duk share fage ne. Ke kina can wurin bautar ƙasa lokacin, ba ki san komai a kai ba, babanku ma bai sani ba.

A aji uku malamar ajinsu, wata baiwar Allah da ta fi ni hankali, ta raba aikin ban ruwan shukokin makaranta, ta haɗa Rahama da wata yarinya Lantana. Ba ta yi musu huɗuba ba, ba ta ce ku zama ƙawaye ba. Bokiti ɗaya ta ba su ta ce kowace ta kama gefe. Lantana daga wani ƙauye take a bayan Kufena, 'yar manoma, ita ma ba ta da kowa a ajin saboda 'yan birni na yi wa takalminta dariya. Suka yi ta ɗaukar ruwa ba mai cewa uffan. Daga nan Lantana ta ga Rahama ta iya ɗinkin hula, ta ce ta koya mata. Suka sayi ƙyalle da zare, suka raba hula ɗaya, Rahama na ɗinka jikin, Lantana na ɗinka saman, in sun gama su haɗa. Ni dai na ga yarinyata ta fara tashi da wuri, ta fara guga kayan makaranta ba a sa ta ba. Wata rana har na ji ta tana 'yar waƙa a bakin rijiya, na leƙa don ban yarda ita ce ba.

Ki riƙe wannan da kyau, ita ce dabarar da ban taɓa koya a kwaleji ba. Yara irin waɗannan ba sa ƙulla ƙawance fuska da fuska, sai kafaɗa da kafaɗa, hannu na aiki, ido na kan aikin. Ki ba biyu aiki ɗaya, shara ko jera littattafai ko ban ruwa, ki bar su. Kada ki riƙa leƙe kina tambaya ko sun saba.

Wata Alhamis Rahama ta zo ta tsaya a bakin ƙofata ta daɗe, sannan ta ce, "Mama, ƙawata za ta zo ran Asabar." Kalmar nan, ƙawata, ban taɓa jin ta a bakinta ba. Na yi murna, na ce Allah Ya kawo ta. Ran Asabar tun da hantsi ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta fito da zarenta, sannan ta shiga wanka. Tana ciki aka yi sallama a zaure. Na fita na tarar da yarinya da hijabi ya koɗe, ƙafafu duk ƙura, ta riƙe leda da ɗanyar gyaɗa ta kawo mini tsaraba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

Ni kuwa sai ciwon nan namu na 'yan cikin ganuwa ya motsa. Na ce, "'Yar gidan wa ce ke?"

Ta faɗi sunan babanta. Na ce, "A wace unguwa?"

Ta faɗi ƙauyensu. Na dube ta sama da ƙasa. 'Yan matan Baba Ƙarami suna leƙe ta bayan labule suna ƙunshe dariya, sai na ji wai kunya ta kama ni, duk 'ya'yan manyan gidajen da ke makarantar nan a ce wadda 'yata ta samo ke nan. Na ce mata Rahama na da aiki yau. Na koma ciki na zubo shinkafa a kwanon robar nan da muke ba masu kawo itace, na ajiye mata a zaure, na ce, "Ci ki kama hanya kafin rana ta yi zafi. Kuma zumuncin makaranta a bar shi a makaranta, gidan nan ba a faɗo masa haka kawai."

Na juya na shige ciki. Da na sake leƙawa ta tafi, shinkafar na nan ba a taɓa ba, gyaɗar na gefenta.

Rahama ta fito ta shafa mai, ta sa sabon hijabinta, ta zauna a tabarma. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ta ce, "Mama, ba wanda ya yi sallama?" Na ce babu. Da bakin nan nawa da nake salati da shi na ce babu. Ran Litinin Lantana ta canza kujera, ta roƙi a canza mata aikin ban ruwa. Ita a ganinta Rahama ta san abin da aka yi mata. Rahama kuwa ba ta iya zuwa ta tambayi dalili ba, ai kin san ta. Ta lallaɓa ta rubuta jarrabawar aji uku, daga nan ta ce ba ta komawa. Muka yi faɗa, muka yi lallashi, babanku ya karɓo rubutu aka sha, aka kai ta asibiti aka ce lafiyarta lau. Ina zaune ina kallon ana neman ciwon, alhali ni ce ciwon.

Abin da ya karya ni, rannan ina gyara mata gado na ga jikin hular nan a ƙarƙashin matashi, ta gama shi tsaf, ta naɗe. Na ce me za ki yi da rabin hula? Ta yi shirunta, ni kuma a karon nan gajiya ta hana ni cafewa. Can ta ce, "Ni ce ba a iya zama da ni, Mama. Ita ma ta gwada ta gaji."

Mako biyu da suka wuce na ce wa babanku zan je dubiya, na hau napep har inda hanya ta ƙare a bayan Kufena, na ƙarasa da ƙafa ina tambaya, gwiwoyin nan suna kuka. Na sami gidan. Uwar Lantana na ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ba ta san ni ba, ba ta kuma tambaye ni 'yar gidan wa ce ni ba. Ta kai ni har cikin ɗakinta, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta dama fura a kwanonta mafi kyau, ta kawo ludayi biyu muka sha tare.

Lantana ta shigo ta gan ni, ta durƙusa kamar wancan karon. Na yi ta kame-kame, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, daga ƙarshe dai na ce na yi mata laifi, kuma Rahama ba ta san ta zo ba. Ta ce, "Ba komai Hajiya, ai gidanku ne." Ta tashi ta buɗe jakarta ta ɗauko saman hular, ta gama shi, ɗinki mai kyau. Ta ce, "Na daɗe da gamawa, na rasa wanda zan ba." Har na miƙe sai ta ce, "Hajiya, tana cin abinci kuwa? Don a makaranta a kwanona muke ci tare, in ban fara sa hannu ba ba ta ci."

A gaban uwarta na yi kuka, ni da furfurata. Yanzu an mayar da ita wata makaranta kusa da su saboda nisa. Na roƙe ta ta zo mana in an yi hutu, ta ce in Allah Ya yarda. Kin san mu da wannan amsar, tana iya zama e, tana iya zama a'a, kuma ba ni da bakin matsa mata.

Saboda haka, duk wadda Rahama ta zaɓa a can, ki bar mata. Ko 'yar waye, ko daga wane ƙauye, ko ita ce ta ƙarshe a jarrabawa. Ki duba hali kawai, in ba ta sata, ba ta ƙarya, ba ta cutar da ita, to ki ja bakinki ki yi shiru. Jinina ne a jikinki, na sha jin ki kina cewa wance ba ajinmu ba ce. Ki kashe wannan tun kafin ya yi miki irin ɓarnar da ya yi mini. In kuma sun yi faɗa, don za su yi, kada ki shiga ki raba su kamar yadda na raba kwano. Ki tambayi kowace a keɓe abin da ya faru, domin irin waɗannan yaran sukan rabu har abada a kan abin da kalma biyu za ta gyara.

Kwana goma sha uku saman hular nan na ƙulle a bakin zanena na kasa ba Rahama. Na so in sa miki a cikin takardar nan ki ba ta in kun isa, sai na ga wannan ma wani gudun ne. Jiya Juma'a bayan la'asar na ɗauko shinkafa a faranti na ce ta zo ta taya ni tsinta. Muka zauna gefe da gefe, kowa idonsa na kan tsakuwa. A haka na faɗa mata duka, zaure, kwanon roba, gyaɗa, ƙaryar da na yi. Na kwance bakin zane na ajiye mata saman hular a cinya. Sannan na yi abin da ban taɓa yi mata ba tun da na haife ta, na jira.

Uwani, shirun nan ya yi tsawo. Kaji suka zo suna tsattsagar shinkafar ba wanda ya kore su. Na ɗauka za ta tashi ta bar ni, kuma da ta yi hakan da ban ga laifinta ba. Ta juya ƙyallen, ta shafa ɗinkin da yatsa, ta sake juyawa. Can ta ce, "Ashe ba ni ba ce."

Abin da ta ce ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, ban kai nan ba. Amma yau da safe na ga ta sa rabi biyun a jakarta tare da allura, ba ta haɗa su ba. Na tambaya, na jira, ta ce sai Lantana ta zo.

Ƙaramin kwanon silban ta ɗauko za ta sa a kaya, na karɓe na ce wannan ya zauna. Na sa mata babban nan mai fure wanda mutum ɗaya ba ya cinye abin da ke ciki. Ɗazu da rana na zuba abincina a ƙaramin, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na zauna inda take zama, ina jin hayaniyar yara a tsakar gida. Loma uku na yi na ture. Shekara shida, Uwani.

Allah Ya tsare mini ku a hanya da masauki, Ya tsare ku daga ciwo da mugun baki, har da irin nawa. Allah Ya ba ki haƙurin jira, Ya sa albarka a allinki fiye da wadda Ya sa a nawa. Allah Ya haɗa Rahama da wadda za ta kama mata gefen bokiti. In hutu ya zo ta ce za ta taho da wata, kada ki kira ni ki yi mini bayanin asalinta. Ki faɗa mini yawan shinkafar da zan auna kawai.

Wassalam.

Mahaifiyarku.